Ba Sa'a Ce Ta Ba Arsenal Kofin Turai a Lisbon Ba

Har yanzu ina jin ana maimaita wata magana a kan wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na mata da aka buga ranar 24 ga Mayu, 2025, wai Arsenal sa'a ta taka har ta doke Barcelona da ci ɗaya mai ban haushi. Wannan magana tana yi mini ciwo, domin na kalli wasan daga farko har ƙarshe, kuma abin da idona ya gani a filin José Alvalade na birnin Lisbon aiki ne da aka tsara, aka kuma aiwatar da shi cikin haƙuri da jimiri.

Ban ga laifin waɗanda suka ba Barcelona nasara tun kafin a take ƙwallo ba, ni kaina haka na yi zato. Ƙungiya ce da ta ɗauki kofin a 2021 da 2023 da 2024, kuma a kan hanyarta ta zuwa Lisbon ta zura wa Wolfsburg ƙwallo 10 a wasa biyu, sannan ta yi wa Chelsea, zakarar Ingila, ci 4 da 1 gida da waje. A tsakiyarta akwai Aitana Bonmatí da Alexia Putellas, waɗanda su biyu kaɗai suka riƙe kyautar Ballon d'Or tun daga 2021. Ita kuwa Arsenal, a makonnin da suka gabaci wasan, Aston Villa ta zura mata 5, Brighton ta zura mata 4. Duk mai hankali zai ce wannan baya ba za ta iya tare Barcelona ba.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bibiyi Arsenal a gasar ya san cewa ƙungiya ce da ta saba shan kashi ta miƙe. Tun daga zagayen farko na share fage ta faro. Bayern Munich ta lallasa ta 5 da 2 a rukuni, kocin Arsenal Jonas Eidevall ya ajiye aiki a watan Oktoba na 2024, aka miƙa wa mataimakiyarsa Renée Slegers riƙon ƙwarya kafin a tabbatar mata da kujerar a watan Janairu. Real Madrid ta ci ta 2 da nema a Sifaniya, ta rama da 3 da nema a Landan. Lyon, mai kofi 8 a tarihin gasar, ta zo har Emirates, filin Arsenal, ta ci 2 da 1, sai ga Arsenal ta bi ta gida Faransa ta zazzaga mata 4 da 1. Sa'a tana iya zuwa sau ɗaya, amma ba ta biyo mutum sau uku a jere tana ɗauko shi daga rami.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Leah Williamson da Steph Catley na Arsenal suka tsare tsakiyar baya. Catley asalinta mai tsaron gefen hagu ce, aka matso da ita ciki, amma duk lokacin da Ewa Pajor, 'yar gaban Barcelona, ta nemi kutsawa sai ta tarar an riga ta wurin. Na lura da Williamson tana ɗaga hannu tana tsara layi, ba ta garajen kai hari kan ƙwallo, sai ta ja da baya taku ɗaya ko biyu ta toshe hanyar da za a bi da ita. Irin wannan aiki ba ya shiga gajerun bidiyon da ake yaɗawa bayan wasa, shi ya sa wanda bai zauna ya kalli minti 90 ba yake ganin kamar Barcelona ce kawai ta yi ta ɓarar da dama. Gaskiya ne bayan hutun rabin lokaci Barcelona ta matsa lamba ƙwarai, har bugun Claudia Pina ya daki sandar sama, kuma a wannan lokacin numfashina ya tsaya. Sai dai kada a manta cewa tun kafin hutu Arsenal ta tilasta wa Irene Paredes ta Barcelona cin gidansu, aka soke saboda satar gida, kuma sai da Cata Coll, mai tsaron ragar Barcelona, ta yi tsalle ta ture wani bugu mai ƙarfi na Frida Maanum. Arsenal ba kwanciya ta yi a bakin ragarta tana jiran ikon Allah ba.

Ƙwallon kanta daga benci ta fito. Slegers ta sako Beth Mead da Stina Blackstenius a daidai lokacin da Barcelona ta ɗauka saura ƙiris ta fasa, kuma cikin 'yan mintoci, a minti na 74, Mead ta karɓi ƙwallo a bakin da'ira, ta ɗaga kai, ta sulala ta tsakanin masu tsaron baya. Blackstenius ta tsayar da ita da taɓawa ɗaya, ta buga ta a ƙasa ta wuce Coll zuwa ɗaya kusurwar ragar. Kociyar da ta san lokacin da za ta yi canji, ta kuma san wadda za ta sako, hakkinta ne a ce ta iya aikinta.

Dalilin da ya sa nake dagewa a kan wannan shi ne yadda ake yi wa ƙwallon mata gurguwar fassara ta fuska biyu. Idan an ci da yawa, sai a ce masu tsaron raga ba su iya ba. Idan an tashi ɗaya da nema saboda tsari ya rinjayi gwaninta, sai a ce katari ne. Da a wasan maza wata ƙungiya ta hana mafi ƙarfin ƙungiyoyin duniya ci a wasan ƙarshe, da an shafe makonni ana feɗe dabarun kocin, ana zana yadda 'yan tsakiya suka rarraba kansu. 'Yan tsakiyar Arsenal, kyaftin Kim Little da Mariona Caldentey, wadda ta baro Barcelona a 2024 kuma ta san sirrin gidan, sun cancanci a yi musu irin wannan nazari.

Ban rage wa Barcelona komai ba da wannan magana. Ita ce ta tara 'yan kallo 91,648 a Camp Nou a 2022, ita ce kuma ƙungiyar da Asisat Oshoala, wadda ta taɓa taka leda a Arsenal ɗin, ta ɗauki wannan kofi da ita a 2021. Girman Barcelona shi ne ma ya ba nasarar nauyinta.

Kuma nasarar tana da tushe. Vic Akers ne ya kafa ƙungiyar matan Arsenal a 1987, shekara 16 kacal bayan hukumar ƙwallon Ingila ta janye haramcin da ta ɗora wa mata tun 1921 na buga wasa a filayen ƙungiyoyinta. Shi ne ya kai su ga kofin Turai a 2007 a kan Umeå ta Suwidin, kuma har zuwa daren Lisbon babu wata ƙungiyar Ingila da ta sake ɗaukarsa. A wasan na 2007, cikin yaran da suka rako 'yan wasa zuwa fili akwai wata 'yar shekara 10 da ke koyon ƙwallo a makarantar ƙungiyar. Ita ce Leah Williamson, wadda shekara 18 bayan nan ta kama hannu ɗaya na kofin, Kim Little ta kama ɗayan, suka ɗaga shi tare.