Gada ta rufta sau uku, an ce laifin iska ne

Gadar da ake ginawa a kan Kogin Ganga, tsakanin Sultanganj da Aguwani a jihar Bihar ta Indiya, ta rufta a 2022, ta sake ruftawa a watan Yunin 2023, sai ga wani sashe ya kuma faɗawa ruwa a 2024. Ko keke bai taɓa hawa kanta ba. A karon farko har aka sami jami'in da ya ɗora wa iska laifi. Wannan uzurin ya fi ruftawar ɓata mini rai.

Iska da ambaliya ai su ne abin da ake biyan injiniya ya lissafa tun zane yana kan takarda. Babban kogi ba ya zama wuri guda. Yana cin gaɓa, yana sauya hanya, yana kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi har ya bar shi a tsaye ba madogara. Haka ta faru a Fotugal a 2001, inda gadar Kogin Douro ta karye da motar fasinja a kanta, mutum 59 suka rasu, bayan an shekara da shekaru ana haƙar yashi a kogin.

Masu cewa dogon bincike ɓata lokaci ne alhali jama'a na jiran gada, su gaya mana shekara nawa gaggawa ta rage wa mutanen Bihar.

Dubi gadar Padma a Bangladesh, mai tsawon sama da kilomita 6, da aka buɗe a 2022. An kafa turakunta na ƙarfe zurfin fiye da mita 100, aka kashe maƙudan kuɗi wajen ɗaure gaɓar kogin. Ba a yanka ƙyalle a kan irin wannan aikin na ƙarƙashin ruwa, ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ɗan siyasa ba ya son jin zancensa, ɗan kwangila kuma can yake fara rage kaya, tunda ruwa zai rufa masa asiri.

Kada a zuba kankare ko shebur ɗaya sai wasu injiniyoyi da ba sa cin albashin ɗan kwangila sun duba zanen da gwajin ƙasar, sun sa hannu da sunansu. A hana haƙar yashi kusa da ginshiƙai, a kuma riƙa auna gindinsu bayan kowace ambaliya.