Kwafin 1977 Bai Lalace Ba, Idonku Ne Aka Yi Wa Kwalliya

To, an sake tono maganar. Tun da aka haska tsohon kwafin fim ɗin Star Wars na 1977 a bikin BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya, a Landan a watan Yunin 2025 wasu ke ta kuka, wai "fim ɗin ya yi muni", wai kayan 'yan wasa kamar na wasan makaranta, wai gara dai a bar mu da wanda ke Disney+. Madalla da masana. Mutum bai taɓa riƙe faifan fim a hannunsa ba, bai san warinsa ba, amma daga hoton da wani ya ɗauka a sace da waya daga kujerar baya ya yanke hukunci cewa kwafi ya lalace.

Bai lalace ba. Haka fim ɗin yake. Abin da kuka saba kallo shi ne wanda aka yi wa kwalliya.

Ku fara sanin wane irin kwafi ake magana a kai. Yawancin kwafen finafinai masu launi daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 a kan Eastmancolor, fim ɗin kamfanin Kodak, aka buga su. Rini uku ne a jikin wannan fim: shuɗi-shuɗi, rawaya, da ja mai ruwan hoda. Na farkon nan biyu ba su da juriya, shekaru suna tafiya suna dushewa, sai jan ya rage shi kaɗai. Shi ya sa za ka ga sararin samaniya da ya kamata ya zama baƙi wuluk ya koma kalar zoɓo da aka tsinka da ruwa. Wannan ita ce lalacewa ta gaskiya, kuma ba mai kare ta. Sai wajen 1982 Kodak ya fito da fim mai rinin da ba ya saurin dushewa.

Amma kwafin Landan ba wannan ba ne. Na Technicolor ne, irin wanda ake buga rinin kamar ɗab'in littafi: a yi faranti uku na fim, kowanne ya sha rininsa, a danna su ɗaya bayan ɗaya a kan fim fari. Rinin nan ba ya gudu. Amurka ta riga ta daina wannan aiki kafin 1977, masana'antar Landan ce ta ci gaba, shi ya sa aka samu irin wannan kwafi a Ingila. Sannan an ajiye shi shekara da shekaru a ma'ajiyar da sanyinta ya kai digiri 5 ƙasa da sifili. Wato launin da aka gani a daren nan kusan shi ne wanda mai tikiti ya gani a 1977. Idan bango ya yi maka kama da katako da fenti, to katako da fenti ne. Idan ka hango dabarbaren nan a ƙarƙashin motar nan mai shawagi ta Luke, jarumin fim ɗin, man shafawa ne aka goga wa gilashin kyamara don a ɓoye tayoyi. Da shi aka sayar da tikiti, da shi mutane suka yi layi har kwanar titi.

Sai wani ya ce ai mai fim ɗin da kansa ya fi son sabon. Eh, mun ji. George Lucas yana da ikon son abin da yake so. A 1981 aka ƙara lambar kashi da ƙaramin suna a rubutun farko mai hawa sama. A 1997 aka cusa dodon nan Jabba da aka zana da kwamfuta, aka cika titunan garin Mos Eisley na cikin fim ɗin da dabbobi, aka sa ɗan ta'ife Greedo ya riga jarumi Han Solo harbi. Duk haƙƙinsa ne. Amma wannan wani fim ne daban, na wata shekara daban. Son mai shi ba ya goge abin da ya faru a 1977, kamar yadda gyara fuskar amarya a waya ba ya canza wadda aka kai ɗakin miji.

Wani kuma zai ce ai tunanin baya ne kawai, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wuce nan, malam. Da yawa daga masu neman tikitin irin wannan haskawa ba a haife su ba lokacin da fim ɗin ya fito. Wace bara za su tuna?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutane ba sa bambance abu uku: yadda fim yake tun asali, lalacewar kwafi, da kuma sakacin mai haskawa. Komai aka gani sai a ce "tsufa ne". A'a.

Tsakin nan da ke rawa a hoto, kamar ɓurɓushin gero, asali ne. A finafinan ƙagaggen kimiyya na da ma ya fi yawa, domin duk inda aka haɗa jirgin sama jannati da taurari, sai an sake ɗaukar fim a kan fim, wani lokaci sau da yawa. Kowane sake ɗauka yana ƙara tsaki, yana rage kaifi. Shi ya sa da zarar wurin dabara ya zo sai ka ga hoton ya ɗan yi kauri. Wannan sawun hannun ma'aikata ne. In an goge shi da kwamfuta, fuskokin mutane sai su koma kamar an shafe su da kakin zuma.

Lalacewa kuwa tana da alamominta. Layi baƙi da ke tsaye daga sama zuwa ƙasa karce ne a bayan fim. Layi kore ko rawaya karce ne a gefen da rinin yake, ya kankare wani sashe nasa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Magana ta yi tsalle a tsakiyar jimla, an taɓa tsinkewa aka yanke aka liƙa. Ka buɗe gwangwani ka ji warin binega, to gindin fim ɗin ya fara ruɓewa, yana fitar da tsami, zai ƙanƙance ya lanƙwashe, kuma yana harbin na kusa da shi, dole a ware shi. Ƙanƙancewar in ta kai wajen kashi 1 cikin 100, haƙoran na'ura ba sa dacewa da hujojin gefe, sai su yi ta yaga su. Zafi da danshi ne ke hanzarta wannan ciwo. Duk wanda ya shiga Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano zamanin finafinan Indiya ya san yadda kwafin da ya zaga duniya kafin ya iso yake: ruwan sama na karce a farkon kowane faifai, waƙa ta yanke a tsakiya, ihu ya tashi. Wancan kwafi ne da aka gallaza wa. Kada a haɗa shi da wanda ya kwana cikin sanyi shekara da shekaru.

Na ukun, wato sakacin mai haskawa, shi ne inda ya kamata a kai ƙara, amma ba mai kaiwa. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 a minti. Faifai ɗaya ƙafa 2,000 ne, kusan minti 20, don haka fim na awa biyu faifai shida ne. Ma'ajiyoyi masu mutunci ba sa yarda a yanke kan faifai da wutsiyarsa a haɗe su a babban tire guda. Sai dai na'ura biyu, ana karɓa-karɓa. Ɗigon da ke bayyana a kusurwar sama ta dama shi ne sigina: na farko, wajen daƙiƙa 8 kafin ƙarshe, a kunna motar na'ura ta biyu, na biyu, a juya haske da sauti. Mai haskawa ya yi gyangyaɗi, ka ga lambobin ƙirga a allo. Ya sa gilashin da ba shi ba, mutane su zama dogaye sirara kamar sandar rake. Ya sa farantin taga, mai tsayar da iyakar hoto, da ba na fim ɗin ba, a sare kawuna ko makirufo ya leƙo. Fitilar zenon ta tsufa an ƙi canzawa don tsada, sai duhun sararin samaniya ya haɗiye jiragen gaba ɗaya, alhali akwai ma'aunin hasken da aka ƙayyade, 16 a ma'aunin fut-lambat. Sautin Dolby na 1977 ma irin na farko ne, in aka bar injin a saitin wanda ya zo daga baya, sai murya ta fita ba daidai ba. Duk wannan laifin ɗakin mai haskawa ne, amma tsohon kwafi ake zagi, don shi ba ya da bakin ramawa.

Kuma gaskiya, ban da ba'a: kowace haskawa tana cin wani abu daga jikin kwafin. Fim na wucewa ta ƙofar ƙarfe, gaban fitila mai zafi, haƙora na jan sa sau dubu ɗari da saba'in da wani abu kafin a tashi. Ba a sake buga irin wannan Technicolor ɗin. Mutanen da suka zauna a zauren nan sun ga abin da ƙila ba za a sake fitarwa ba sai bayan shekaru. A ce abin da wani ya fito da shi kawai shi ne "bai kai na wayata kaifi ba". Haba ɗan'uwa.

Ban ce gyaran dijital haramun ba ne. Fim ɗin Metropolis na 1927, da ba don wannan gyara ba da ba a iya haɗa guntayen da aka gano a Buenos Aires a 2008 ba, kusan minti 25 a kan ƙaramin fim mai milimita 16 da ya sha karce. Amma ku lura, ko a nan ba a iya goge karcen duka ba, aka bar shi, kuma ba wanda ya mutu.

Af, tunda an zo nan. Masu cewa tsohon gwangwani ba shi da amfani, ku je ku tambayi yadda aka yi fim ɗin Blade Runner ya samu rai na biyu. A 1990 wani gidan silima a Los Angeles ya nemi kwafin milimita 70, aka aiko masa da kwafin gwaji, wanda babu yawancin surutun mai ba da labari, babu kuma ƙarshen nan na farin ciki da aka liƙa wa na 1982. 'Yan kallo suka ruɗe, labari ya bazu, kamfani ya ga akwai kuɗi, sai ga sabon yanka a 1992. Yanzu kuma an zauna ana musu a kan ko Deckard, jarumin fim ɗin, mutum ne ko ƙirar masana'anta, musun da ni dai na gaji da shi, kuma duk wanda ya kawo mini shi a ƙasan wannan rubutu zan goge.