Layin katin zama a Amurka: ƙwaryar ce ta yi ƙanƙanta

Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da wani jadawali wanda galibin Amurkawa ba su ma san da shi ba, amma dubun dubatar baƙin ma'aikata ke zaman jiransa. Shi ne ke faɗin inda layi ya kawo ga masu neman katin zama na dindindin, wato Green Card, ta hanyar aiki. A tsakiyar 2025, ɗan Indiya mai digiri na biyu da ya duba rukuninsa na EB-2, wato na masu babban digiri, zai tarar da 1 ga Janairun 2013. Duk wanda ya shiga layi bayan wannan rana, ko da ya shekara goma sha biyu yana aiki yana biyan haraji, sai dai ya rufe shafin ya jira wani watan.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan jan ƙafar ma'aikatan USCIS, hukumar da ke duba takardun shige da fice a Amurka. Jan ƙafa akwai shi, amma ko da za a ninka ma'aikatan sau goma, layin ba zai motsa ba, domin doka ce ta ƙayyade yawan katunan. Dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sanya wa hannu, ta tsayar da su a 140,000 a shekara. Tun kafin intanet ya shiga gidaje aka yanke wannan adadi, kuma har yau yana nan. A cikinsa ake ƙirga matar ma'aikaci da 'ya'yansa, har ta kai kusan rabin katunan na iyali ne. Sannan ba a yarda 'yan ƙasa ɗaya su wuce kashi 7 cikin ɗari ba, sai in wasu sun bar saura. Indiya mai mutum sama da biliyan 1.4 da Aisland da ba ta kai rabin miliyan ba, ma'auni ɗaya aka yi musu.

Ƙofar shiga kuwa a buɗe take. Bizar aiki ta H-1B tana ba da sababbin gurabe 85,000 duk shekara, ba ta da kason ƙasa, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na masu samunta Indiyawa ne. Wa'adinta shekara shida ne, amma wata doka ta shekarar 2000 ta ba da damar a yi ta sabunta ta muddin mutum yana layi. An yi hakan ne don a sauƙaƙa, sai ya zama hanyar da mutum zai tsufa da takardar wucin gadi.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi damuna. Kamfanin ne ke nema wa ma'aikaci katin: shi zai je Ma'aikatar Ƙwadago ya nuna bai samu Ba'amurken da ya cancanci gurbin ba, shi zai shigar da takarda a USCIS. In ma'aikacin ya koma wani kamfani, ranarsa ta layi tana binsa, amma sai sabon kamfanin ya sake faro takardun daga tushe. Ko ƙarin girma aka yi masa da ya sauya yanayin aikin, ana iya cewa a sake. In aka sallame shi, kwana 60 yake da su ya samu wani ko ya tattara. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ɗaga murya a ofis, ba ya jayayya a kan albashi, ba ya tunanin buɗe nasa kamfanin. Ma'aikacin da ba zai iya cewa na bar aiki ba yana karya farashin kowa, har da Ba'amurken da ke tebur na gaba.

Ga kuma yaran. Yarinyar da aka kai tana shekara huɗu, ta yi firamare da sakandare a Tekzas, ranar da ta cika 21 layin babanta bai iso ba, ta fita daga takardarsa. Sai ta nemi bizar ɗalibta kamar baƙuwa, ko ta koma ƙasar da ba ta sani ba sai a hutu. Dokar 2002 da aka yi don kare irinsu tana rage lokacin da hukuma ta ɓata kan takarda ne kawai, ba ta rage shekarun jiran layi. A Fabrairun 2017 aka harbe wani injiniya ɗan Indiya a garin Olathe na jihar Kansas, yana cikin masu jira. Izinin zaman matarsa a jikin nasa yake rataye, don haka da makoki da fargabar rasa izinin lokaci guda suka zo mata, har sai da ɗan majalisar yankin ya sa baki.

Cibiyar bincike ta Cato da ke Amurka ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum miliyan 1.8 ne a layin, miliyan 1.1 daga cikinsu Indiyawa, kuma sabon shiga daga Indiya a rukunin EB-2 da EB-3 (na ƙwararrun ma'aikata da masu digirin farko) zai jira shekara 134. Lissafi ne na in komai ya tsaya yadda yake, amma ko rabinsa aka ɗauka ya zarce shekarun aikin ɗan Adam.

Maganin da aka fi yayatawa shi ne a soke kason kashi 7. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin haka a Yulin 2019 da ƙuri'a 365 da 65, Majalisar Dattawa ta amince da nata salon a Disambar 2020, ba su daidaita ba har zango ya ƙare. Hujjar masu ƙudurin tana da ƙarfi: bai dace mutum biyu masu aiki iri ɗaya su bambanta da shekara goma saboda garin da aka haife su ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa soke kason kaɗai ya wadatar. Ƙwarya ɗaya ce ta tuwo, maciya sun ninka, sauya wanda zai fara sa hannu ba ya ƙara loma.

Nan ne abin ya taɓo mu. An cire Najeriya daga cacar biza tun zagayen 2015, don haka zuwa 2025 hanyar aiki na cikin 'yan ƙofofin da suka rage. Ma'aikaciyar jinya da asibitin Amurka ya ɗauka daga Kano ko Legas galibi ba ta cancanci H-1B ba; a gida take zama har sai lambarta ta EB-3 ta fito. Tuni a 2023 layin sauran ƙasashen duniya ya ja baya, har jadawalin Agusta ya mayar da EB-3 zuwa Mayun 2020. In aka haɗe layukan ba tare da ƙara katuna ba, ita za ta koma bayan mutum miliyan, ba ta ma da aikin Amurkar da za ta riƙe tana jira. Shi ya sa ƙungiyar asibitocin Amurka ta ƙi goyon bayan irin wannan ƙuduri a 2022, kuma bai kai ga ƙuri'a ba.

A soke kason, amma a rana ɗaya a daina ƙirga mata da yara cikin 140,000. Wannan kaɗai zai kusan ninka gurabe. A kuma dawo da katunan da suka lalace a hannun hukuma. A shekarar kuɗi ta 2021 an samu gurabe kusan 262,000 saboda ragowar da korona ta bari, amma dubun dubata suka ƙare ba a raba ba. Majalisa ta taɓa dawo da irinsu a 2000, ta sake dawo da 50,000 a 2005 musamman don ma'aikatan jinya, ba sabon abu ake roƙonta ba.

Mai cewa hakan zai ƙwace wa Amurkawa aiki ya duba su waye a layin. Mafi yawansu sun daɗe a kan kujerun nan, an tantance su, an amince da takardunsu. Katin ba sabon ma'aikaci zai kawo ba, zai ba wanda ke nan ne ikon ya ƙi albashin da bai yi masa ba.