Ba taron mu'ujiza kaɗai ya gina Redeemed ba

Wani marubuci ya ce tarukan warkarwa ne suka cika cocin Redeemed (wato Redeemed Christian Church of God), amma ya bar baya da ƙura. Josiah Akindayomi ya kafa ta a Legas tun 1952, ta daɗe tana ƙarama, ibada da Yarbanci. Sai bayan Fasto Enoch Adeboye, malamin lissafi a jami'a, ya karɓi ragama a 1981 aka fara buɗe rassa masu wa'azi da Turanci domin ma'aikata da ɗalibai, da burin kowa ya samu coci tafiyar minti 5 daga gidansa. Shago ma ya isa a fara. Matsalar ita ce rassa biyu a layi ɗaya mabiya ɗaya suke rabawa. Ku masu ƙirga rassa a nan, kun ƙirga mutanen da ke zaune a ciki?