Farillan alwala da farashin shadda

Tunda Dogo tela ya riga ya baza labarin daga Sabon Gari har unguwar Ali Ɗan Sofo, ya ƙara masa gishiri da yaji, gara ku ji daga bakina.

Ciwon kai ya dame ni, na je likita, aka ɗaura mini abin awo a dantse, tansho, wato awon hawan jini, ta nuna 16. Likitan ya ce duk abin da ya wuce 14 ba wasa ba ne: in rage gishiri da Maggi, in riƙa barcin awa 7 ko 8, in huta. Hutu a watan Afrilu a Maraɗi, zafi ya haura 40, ga mutum mai shagon shadda a Babbar Kasuwa! Na gwada gida ran Lahadi, kafin hantsi an yi sallama da ni don suna, don gudummawar buki, don rancen da mai shi ya san ba zai biya ba. Na hau babur na tafi bakin tabkin Madarunfa, inda ake cewa waliyyai 99 na kwance, na ce ko na samu rabona a cikin natsuwarsu. Su dai suna kwance lafiya don ba su da salula. Ni ina zama yaron shago ya kira, wai mota ta iso daga Jibiya, direba ya ce ba ya sauke kaya sai ya ga idona.

Surukina ne ya ce mini, "Kai yaro, barci jiki kaɗai yake hutarwa. Zuciya ba ta natsuwa sai da ambaton Allah, yana nan cikin Suratu Ra'ad. Ka zo karatun bayan La'asar a masallacinmu." Maganar Baba ai ba a mayar da ita. Na ce to, Baba.

Ran Litinin ce, ranar kasuwa, tun safe ina fama da 'yan sari. Na isa, aka yi salla, aka zauna. Baba ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi, a sahun gaba, jikin ginshiƙi, daidai ƙarƙashin fanka. Kuma ranar akwai wuta. Ku gaya mini wane ɗan Adam ne zai jingina da ginshiƙi mai sanyi, fanka na kaɗa shi, Malam na jan Ishmawi da muryar nan tasa mai taushi, sannan ya ce idonsa zai zauna a buɗe. Na ji farkon babin alwala, wannan kam na rantse na ji. Daga nan sai na gan ni a shago, wata Hajiya ta riƙe bandir ɗin shadda tana juya shi.

Ashe a daidai lokacin Malam ya ɗaga kai ya tambayi jama'a, "Farillan alwala nawa ne?" Dogo, wanda bai taɓa amsa tambaya daidai ba tun muna makarantar allo, ya ɗaga murya ya ce, "Bakwai!"

Ni kuma, ido rufe, da muryar da nake ciniki da ita a tsakiyar kasuwa, na ce, "Bakwai? Albarka! Wallahi ko uwar kuɗi ba ta fito ba. Cika takwas ki ɗauka, Hajiya."

Muryata ce ta tashe ni. Na buɗe ido na tarar da hannuna na dama a miƙe, ina jiran a zuba mini kuɗi, kuma wanda hannun ya nufa Malam ne. Masallaci ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Hulata tana kan cinyar Baba, ban san lokacin da ta je can ba. Shi kuwa Baba ya ƙura wa tabarma ido, yana jan carbi da sauri irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Malam ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar, sannan ya ce a hankali, "Takwas ɗin sunnoni ne, Alhaji. Ba mu kai can ba tukuna." Da ya yi faɗa da na fi jin sauƙi. Na ce, "Allah gafarta Malam," ban san me zan ɗora a kai ba, sai na sake cewa, "Allah gafarta Malam." Ya ce in tashi in sake alwala, tunda barci mai nauyi yana warware ta, in ƙirga farillan da kyau kada a cuce ni. Nan dattawa suka kasa riƙewa. Na ratsa sahu ba hula, don ban iya miƙa hannu cinyar surukina ba.

Amma Dogo ne abin haushin. Kowa ya yi dariyarsa ta mutunci, ya rufe baki da hannun riga. Shi sai da ya kwanta. Mutumin da nake bi jikka 12 na shadda tun kafin ƙaramar Salla! In na je shagonsa sai ya ɓuya bayan keken ɗinki ya aiko yaro ya ce ya tafi Tibiri, alhali ga ƙafafunsa nan ina gani, mutum mai tsawon falwaya. Shi ne yanzu yake bin majalisar shayi ɗaya bayan ɗaya yana kwaikwayon muryata, har da miƙa hannu. Kuma ƙarya yake, ban ce "rangwame na yi miki" ba, wannan shi ya ƙara. Munsharin ma da yake cewa ya kai minti goma, Baba da ke kusa da ni bai ce komai a kai ba, ko da yake Baba bai ce mini komai a kan komai ba har yau. Hular ma Maman yara ya aiko wa a leda.

Jiya wani ɗan kabu-kabu da ban taɓa gani ba ya tsaya gabana ya ce, "Alhaji Cika-Takwas, ina zuwa?" Na hau, don rana ta yi zafi. Wanda ya ga Dogo ya gaya masa jikka 12 ne, ba bakwai ba.