Ni da Turawan Oxford da katangar Inna

Wani abokina da ke karatu a Jami'ar Danfodiyo ne ya jawo mini. Ya ce tun 2003 jami'ar Oxford ta Ingila ke da wani shiri, climateprediction.net, na hasashen yanayin duniya. Lissafin ya yi wa injinansu yawa, shi ne suke rarraba shi ga jama'a. Ka sauke manhajar BOINC, su turo wa kwamfutarka guntun aiki, ta yi ta niƙa, in ta gama ta mayar musu. Ba a biyan ko kwabo, sai maki. Na ce in dai batun ɗumamar duniya ne, ai Basakkwace ya fi kowa cancantar sa hannu, mu da katifa ke korar mu tsakar gida tun watan Maris.

Manhajar ta sauka salin alin. Aikin ne ya zo da fayiloli na ɗaruruwan megabait. Kwamfuta ta auna intanet ɗinmu na Mabera, ta rubuta saura awa 19. Na je la'asar na dawo, saura awa 26.

Sai na koma sayen datar dare, mai arhar nan da ke mutuwa da asuba. To a gidanmu wuri ɗaya tak sabis ke kamawa, kan katangar bayan ɗakin Inna, daidai akurkin kaji. Nan nake ɗora waya in tokare ta da bulo, in zauna kan turmi da kwamfuta a cinya, sauro na cin rabonsa. Layin nan mai nuna ci gaba kuwa, hawainiya ma sai ta ba shi rata. Kashi 31, kashi 32, sai ya tsaya yana tunani. Har zakaran gidan ya saba da ni, yakan leƙo ya koma.

Dare na uku sai ga hasken tocila a fuskata.

"Kai, mi kaka yi nan da tsakad dare?"

"Inna, Turawa nake taya binciken zafi."

"Nawa za su ba ka?"

"Maki."

"Ana sayen gero da shi?"

Na yi shiru. Ta ce in zafi suke son gani su zo su wuni kasuwar Kara da azahar, ba sai an tsorata mata kaji ba.

A dare na shida aka kammala. Wallahi har sujada na yi kusa da akurki. Abin da abokin nan bai gaya mini ba shi ne, lissafin kan ɗauki kwanaki har makonni kwamfuta na aiki ba hutu. Ga Afrilu, zafi ya haura 40. Fankar cikinta ta fara kuka kamar injin markaɗe. Na ɗora ta kan murfin randa, na zagaye da jiƙaƙƙen buhu, ina yi mata fifita da mafici. Ni da ko uwargida ban taɓa yi wa fifita ba. Inna ta ce ruwan randa ya koma na shayi.

Ana kashi 11 aka ɗauke wuta. Batirin tsohuwar kwamfutar ba ya wuce minti goma, ni kuma ina masallaci. Ashe irin wannan lissafi ba ya son a kashe shi bagatatan. Da wuta ta dawo na kunna, sai ga rubutu cewa aikin ya lalace. Makina sifili.

Ina zaune ina jimami, ashe kwamfutar nan, baiwar Allah, ba ta san zuciya ba. Da kanta ta nemi sabon aiki daga Oxford, ta laluba ta kama wayar uwargida da na taɓa haɗa su, ta fara zuƙa da rana tsaka, a farashin rana.

Can sai ga uwargida da waya a hannu.

"Malam, jiya na sa data ta wata guda. Wa ya cinye?"

Na ce Turawa ne. Ta miƙo mini tafin hannu.