Ni da Jelar Rigata a Liftar Paris

Tunda bidiyon maƙalewata a lifta ya riga ya zaga cikinku, gara in ba da labarin da bakina kafin mutuniyar taku, ƙanwar maigidana, ta ƙara masa gishiri.

Kun san an gayyace ni nunin tufafi a Paris farkon watan Yuli. Ba na manyan gidajen nan ba ne da tun 1945 doka ta ce sai an tantance ka kafin ka kira ɗinkinka da sunan nasu. Namu na gefe ne, na ƙananan masu zane da ke raɓewa a makon nunin manyan saboda 'yan jarida da masu saye duk suna gari. Amma dai katin gayyata ne, da sunana a jiki. Ina nuna wa maigida ya ce ai yara na hutu, a tafi gaba ɗaya kowa ya sha iska. Kafin in ce uffan ƙanwarsa ta ce za ta bi mu ta riƙe min yara. Riƙe yara fa.

Ni hankalina na kan kaya. Kilo 23 aka yarda wa kowane akwati, don haka na ƙwace rabin na yara, na cusa takalmana cikin na Babansu. Rigar da zan sa kuwa ita kaɗai ta cinye akwati guda: shafi kan shafi, ga jela da sai an riƙe min in zan juya. Masu biza kuma ba sa sauraronka sai ka nuna inda za ka kwana da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, shi ya sa dole a kama masauki tun da wuri. Na ce otal. Akwai dutsen guga, akwai mai ɗaukar kaya, akwai wanda za ka yi wa ƙorafi. Sai dai ɗakunan otal a Paris yawanci na mutum biyu ne, mu kuwa shida, ɗaki uku ke nan. Maigida ya ga jimilla ya yi tari. A nan ne mutuniyar taku ta zaro waya.

Wallahi yarinyar nan ko tsintsiya za a saya sai ta karanta ra'ayin mutum ɗari a intanet, sannan ta zaɓi wadda ta fi kyau a hoto. Ita ce fa ta kai mu wancan wurin na bara da ruwan zafi ke zuwa sai ranar da ya ga dama, kuma har yau tana cewa ya yi. In ka yi magana ta ce "Anti, kin duba taurarin?" Ni ina ruwana da taurari? Na ba ta sharaɗi uku kacal: a sami lifta, a sami abin sanyaya ɗaki, kuma lambar unguwar ta fara da 75, domin na ji labarin masu kama gida "a Paris" su tarar da 93 ko 94, suna can bayan gari suna bin jirgi safe da yamma. Ta ce duka akwai, har da hangen Hasumiyar Eiffel, kuma kuɗin ba a mayarwa shi ya sa ya yi sauƙi. Yayanta ya ce Allah ya yi mata albarka.

Hawa na shida ne. Su kuma ƙasa sifili suke ƙirga ta, sai ka hau bene ɗaya sannan ka zo na farko. Ginin irin na zamanin Haussmann ne, mutumin da ya rushe tsohon birnin ya sake gina shi tsakanin 1853 da 1870, kuma a irin waɗannan gidaje hawa na ƙarshe ɗakunan 'yan aiki ne, ƙarƙashin rufin kwano. An fasa bango an haɗe uku an kira shi gida. Rufin nan kuwa abin alfaharinsu ne, har UNESCO ta karrama masu aikinsa a 2024, amma wanda ya karrama su bai taɓa kwana a ƙarƙashinsa a watan Yuli ba. Abin sanyaya ɗaki: fanka ce 'yar tebur, wuyanta a karye. Hasumiyar tana nan, in ka hau kan murfin masai ka leƙa ta taga za ka ga tsininta. Wurin kwanan mutum shida ya haɗa da kujerar falo da in aka buɗe ta ba mai iya zuwa kicin.

Lifta kuma akwai. An gina gidan kafin a sa ta, sai aka dasa ta daga baya a ramin tsakiyar matakala, bangonta raga da gilashi, matakalar na zagaye ta. A hawa na biyar take tsayawa, sauran ka ƙarasa da ƙafa. Allon ciki ya ce mutum biyu. Ranar da muka iso akwati ɗaya-ɗaya muka riƙa aikawa sama shi kaɗai.

Ranar nunin na yi kwalliyata tsaf, na sauko hawa na biyar, takalmi mai tsini a hannu, silifas a ƙafa. Maigida ya tattara jelar ya cusa min ita ciki, ya ce "Ta shige duka," ya rufe ƙofa. Na danna sifili. Lifta ta yi ƙasa kaɗan, sai na ji ana ɗaga ni ta baya. Bakin jelar yana can maƙale a ƙarƙashin ƙofar waje. Lifta na sauka, riga na hawa. Na daki maɓallin tsayawa, ta yi gir ta tsaya cak tsakanin na biyar da na huɗu, rabin rigata a sama, ni a ƙasa kan yatsun ƙafa, hannuwa a ɗage ina riƙe da ƙugun rigar kar ya zo wuya.

Abin da ke ƙarƙashi ya fito fili. Wandon barci ne, mai zanen 'yan agwagi. Na bar shi ne don shafin rigar yana ƙaiƙayi, kuma wa zai gani?

Fitilar matakalarsu da lokaci take aiki: ka danna, ta yi ɗan jim ta mutu. Sai ta mutu. Na ce alhamdulillahi, duhu rufin asiri. Can sai ƙas, wani ya danna daga ƙasa, haske ya dawo, ga ni nan a rataye kamar kaza a keji ranar kasuwa. Saurayi ne da keke a kafaɗa. Da yake matakalar zagaye take, ya gan ni ta gaba, ya gan ni ta gefe, ya gan ni ta baya, duk inda ya zago sai ya gaishe ni da kai. Fitila ta mutu. Ƙas, mai kawo wasiƙa. Ta mutu. Ƙas, wata mata da tagwaye, suka nuna agwagin suna ƙirgawa.

Sai tsohuwar nan ta hawa na huɗu. Ita fa har gobe ban yafe mata ba. Tun da muka zo take buga silin da sanda in yara sun yi gudu, alhali akwai hawa guda tsakaninmu, wato mutanen hawa na biyar take azabtarwa a kanmu. Ta fito da ɗan karenta, ta tsaya daidai fuskata, ta saka tabarau. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Ta dube ni daga ɗauri zuwa silifas, ta miƙa yatsu biyu ta ragar ta murza yadin, ta juya bakin ɗinkin ta duba cikinsa, ta taɓe baki. Ɗinkina! Da hannu na bi bakin nan. Duk lokacin da fitila ta mutu kuma ita ke zuwa ta danna, ta dawo ta ci gaba da kallo. Karen ya zauna shi ma.

Daga sama maigida yana jan jela yana cewa "Maman yara, ki ɗan yi sama." In yi sama ina? Na danna ƙararrawa, wata murya ta yi ta zuba Faransanci, na ce mata ina cikin lifta, ta sake zubawa. Auta ya kwanta a ƙasa yana leƙowa yana tambaya ko a nan zan kwana. Mutuniyar taku da ta zo riƙon yara tana kan matakala, waya a hannu, tana cewa "Anti, ɗan kallo nan." Maigida ya ce a kawo almakashi. Na ce duk wanda ya taɓa jelar nan da almakashi ya nemi wata matar.

Mai gyara ya zo bayan ƙafafuna sun daina jin komai. Ya dube ni, ya dubi allon, ya nuna ni ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna rigar ya ɗaga na biyu da na uku. Ya buɗe ƙofar da mabuɗinsa, jela ta faɗo min a ka da baƙin man inji tun daga tsakiya har ƙarshe.

Irin wannan nunin minti goma ne zuwa sha biyar, ko da an makara rabin awa kafin a fara. Na isa ana tattara kujeru. Wata yarinya a ƙofa ta duba katina ta ba ni ruwan roba da takardar jerin kayan da aka nuna.

Da muka dawo mutuniyar taku ta ba gidan taurari biyar, ta rubuta wai maƙwabta na da kirki. Yanzu kuma wai Milan a watan Satumba, har ta turo min gidaje, ban buɗe ba. Man injin nan dai na gwada sabulun wanke-wanke da hoda, ya ɗan dusashe amma yana nan. In akwai wadda ta san abin da ke fitar da shi daga siliki ta kira ni, amma ba da daddare ba.